Had-dis ya fara ciwo: ka ceto bayananka da kanka, ka kai wa mai gyara, ko ka nemi ƙwararru?

Kwamfuta ta fara ɗaukar minti biyar kafin ta buɗe folda ɗaya. Ka sa kwafin fayil, ya kai rabi ya tsaya cik. Wata rana kuma ka jona had-dis ɗinka na waje, Windows ta fito da saƙo wai sai an yi masa fomatin kafin ya yi aiki. A irin wannan lokacin ne shawarwari ke yi wa mutum yawa: wannan ya ce sauke manhaja kaza, wancan ya ce kai kasuwa, wani ya ce sa shi a firiza ya kwana. Ga kundin digiri ko lissafin shago ko hotunan iyali na shekara da shekaru a ciki, ga kuma aljihu ba nauyi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu auna hanyoyin. Had-dis ɗin da ya fara lalacewa sauran ƙarfinsa ƙididdigagge ne, kuma duk kunnawa da duk bincike daga cikin wannan ragowar ake cira. Kamar jaki ne da ya fara tangaɗi da kaya a bayansa: sauke kayan ake yi, ba a sa shi sukuwa don a ga iyakar ƙarfinsa. Don haka in a waya kake karanta wannan, kwamfutar kuma tana can kunne tana fama, kashe ta tukuna.

Ma'aunin da za mu ɗora kowace hanya a kai

Na farko, kuma shi ne babba a wurina, shi ne haɗari: in hanyar ba ta yi ba, za a iya komawa a gwada wata, ko ta toshe ƙofa ke nan? Sai kuɗi, wanda ya haɗa da kuɗin sabon had-dis da za a zuba abin da aka ceto, domin babu hanyar da za ta raba ka da wannan. Sai wahala da lokaci. Sai kuma yanayin abin da zai dawo: fayiloli da sunayensu cikin foldodinsu, ko tulin fayiloli marasa suna. Na ƙarshe sirri, wato wa zai ga abin da ke ciki.

Game da ƙarko kuwa, amsar ɗaya ce ga dukkan hanyoyin. Babu wadda ke mayar da had-dis mai ciwo ya koma abin dogaro. Bayanan ake ceto, shi kansa ya gama aiki.

Wane irin ciwo ne?

Ba za a iya zaɓen hanya ba sai an san wannan. A cikin had-dis akwai farantai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da wasu 'yan allurai da ke shawagi a kansu suna karatu da rubutu. Tazarar da ke tsakanin allura da faranti 'yan nanomita ce, ƙwayar ƙura ɗaya ta ninka ta sau da yawa. A bayansa kuma akwai fanel mai sarrafa komai. Kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa ciwon da nasa alamun.

Fara da kunne. Lafiyayye yana tashi da wani siririn sauti, ya yi ɗan ƙaras-ƙaras, ya nutsu. In ka ji "ƙas, ƙas, ƙas" mai maimaituwa, ya mutu ya sake tashi, allurai ne suka kasa karanta farantin. In ka ji 'yar ƙara kamar "tii, tii" ba tare da juyawa ba, sau da yawa allurar ce ta maƙale a kan faranti, abin da ya fi faruwa ga ƙananan had-dis na laftof da na aljihu bayan sun faɗi. In ka ji gurza, allura na cin faranti, kuma kowace daƙiƙa asara ce. In kuwa shiru ne ɗungum, ko da ƙaurin ƙuna, zargi ya koma kan fanel. Wannan yakan biyo bayan dawowar wuta da ƙarfi, ko kuskuren da aka saba gani na soka cajar laftof mai bolt 19 a babban had-dis na waje da ke cin bolt 12, saboda bakinsu ya yi kama.

In sautinsa daidai ne, sai a kawar da zargi daga abubuwan da ke kewaye da shi: canza kebul, canza ramin USB, gwada a wata kwamfutar. Akwai ma wanda had-dis ɗinsa lafiya lau, bairos ɗin da ake kwasowa a shagunan buga takardu ne ya ɓoye foldodin ya bar gajerun alamomi a madadinsu. Alamarsa ita ce wurin ajiya na nuna a cike amma ba a ganin komai.

Daga nan sai a tambayi had-dis ɗin da kansa. Kowanne yana riƙe da rajistar lafiyarsa da ake kira SMART, kuma karanta ta ba ya gajiyar da shi. A Windows, manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta tana nuna ta da launi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja ya ɓaci. A Linux, wato wani tsarin kwamfuta daban da Windows, akwai smartctl. Layukan da za ka duba su ne 05, adadin gurabe (ƙananan wuraren ajiya a kan faranti) da suka mutu aka musanya su. C5, guraben da aka kasa karantawa suna jiran hukunci. C6 da BB, kurakuran da suka gagara gyaruwa. Sai BC, umarnin da bai amsa a kan lokaci ba. Ba kowane kamfani ke nuna duka ba. In ginshiƙin ƙarshe na ɗayansu ya wuce sifili, musamman in yana ƙaruwa, ciwo ya tabbata. In C7 ne kawai ke hawa, yawanci kebul ne mai laifi.

Kada dai shuɗin launi ya sa ka saki jiki. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari a kan had-dis sama da 100,000, suka gano cewa wanda ya nuna kuskuren karatu na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wani gargaɗi a SMART ba. Kamfanin Backblaze, mai ajiye wa mutane bayanai a Amurka, ya faɗa a 2016 cewa kimanin kashi 77 cikin 100 na had-dis ɗinsa da suka mutu sun nuna alama a ɗaya daga waɗancan layuka biyar. Sauran sun tafi ba sallama. Gargaɗin SMART abin gaskatawa ne, shirunsa kuwa ba shaida ba ne.

Ciwon ke nan ya kasu uku. Akwai ruɗewar tsari, inda jikin had-dis lafiya amma an goge fayil, ko an yi fomatin, ko taswirar fayilolin ta rikice. Akwai matattun gurabe, inda yana juyawa ana ganinsa amma yana ja da ƙyar. Akwai kuma ciwon ƙarfe ko na lantarki, mai ƙara ko mai shiru.

In abin da ke cikin kwamfutarka SSD ne, wato ma'ajiyar da ba ta da faranti ko allura, yawancin wannan bai shafe ka ba. Shi ba ya ƙara, yakan ɗauke ne farat ɗaya, kuma fayil ɗin da aka goge a kansa yakan tafi har abada cikin ɗan lokaci saboda yadda yake share kansa.

Hanya ta ɗaya: kwafe abin da ya fi muhimmanci kai tsaye

Ita ce kowa ke fara tunani, kuma ba laifi ba ce in had-dis ɗin yana buɗewa, ba ya ƙara, abin da kake so kuma kaɗan ne. Kuɗinta filashi ko wani had-dis. Fayiloli suna zuwa da sunayensu, ba wanda ya ga sirrinka.

Rauninta shi ne Windows ba ta san haƙura ba. In ta ci karo da mataccen gurbi sai ta nace a kansa, tana maimaitawa, allurar na kai da komo a daidai wurin da ya fi rauni, har kwamfutar ta sandare. In za ka bi ta, kada ka tashi kwamfutar daga kan mai ciwon. Cire shi ka jona a wata. Fara da ƙananan abubuwa masu daraja, takardu da lissafi, ka bar finafinai da waƙoƙi. Da zarar kwafi ya tsaya ya fi minti ɗaya ko biyu, ko sauti ya canza, cire shi ka koma hanya ta uku ko ta biyar.

Hanya ta biyu: sakar masa manhajar dawo da fayil

Su Recuva, EaseUS, Disk Drill, R-Studio da DMDE. Recuva kyauta ce. Yawancin sauran sukan bar ka ka ga fayilolinka kyauta, sai ka biya wasu gomomin daloli kafin ka kwashe su duka. Sauƙin amfani ne da su, kuma ga ruɗewar tsari su ne maganin. Wanda ya goge folda bisa kuskure a lafiyayyen had-dis, nan zai tsaya. Sharuɗɗa biyu ne: kada ka girka manhajar a kan had-dis ɗin da kake ceto, kada kuma ka zuba abin da ka ceto a kansa, domin duk sabon rubutu yana iya hawa kan tsohon da kake nema.

A kan mai matattun gurabe kuwa, a nan ne na fi jin takaici, domin a nan aka fi yin asarar da ba dole ba. Binciken zurfi yana karanta had-dis daga farko har ƙarshe, awanni, kuma bai ajiye komai ba tukuna, jerin sunaye kawai yake haɗawa. Sai ka zo kwashewa a sake karantawa karo na biyu. Sau da yawa mutum zai ga sunayen fayilolinsa reras a allo, ya yi hamdala, ya danna a kwashe, a lokacin had-dis ɗin ya riga ya ba da abin da ya rage masa.

A wannan sahun zan sa chkdsk, umarnin gyaran had-dis na Windows, da manhajojin da ke iƙirarin farfaɗo da matattun gurabe. Aikin chkdsk shi ne daidaita tsarin fayiloli don Windows ta ci gaba da aiki, ba ruwansa da abin da ka fi so. Abin da bai gane ba yakan yanke shi, wani lokaci ka tarar da guntattakinsa a foldar found.000 da sunaye irin FILE0000.CHK. Gyaran da ya rubuta ba ya warwaruwa. Haka dogon gwajin lafiya irin na manhajar SeaTools: yana da amfani, amma bayan an sauke kaya.

Hanya ta uku: cikakken kwafi tukuna, sannan a yi aiki a kan kwafin

Wannan ita ce zaɓina ga duk had-dis ɗin da ke juyawa, kwamfuta na ganinsa da girmansa daidai, ba ya ƙas-ƙas. Ita ce kuma abin da ƙwararru ke fara yi. Maimakon bin fayil ɗaya-ɗaya, ana kwashe kowane gurbi daga farko zuwa ƙarshe zuwa lafiyayyen had-dis, sau ɗaya. Daga nan a ajiye mai ciwon gefe, duk gwaje-gwaje a yi su a kan kwafin. In ka yi kuskure a can, ba abin da ya ɓaci.

Kayan aikin da aka fi sani shi ne GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, yana nan tun 2004, kyauta ne. Hikimarsa ita ce ba ya jayayya da wuri mai wuya. Yana fara kwashe inda ke karantuwa cikin sauƙi, in ya ci karo da matsala ya tsallake ya yi alama, sai ya gama da mai sauƙin sannan ya dawo yana gutsurar gefen wuraren da suka lalace. Yana kuma rubuta taswirar inda ya kai a wani ɗan fayil. Ga mu da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, wannan taswirar babbar ni'ima ce: in aiki ya yanke, daga inda ya tsaya zai ɗora.

Ana bukatar filashi da aka sa wa Linux, misali SystemRescue da ke zuwa da kayan a ciki, ko Ubuntu inda ake sauke shi da sunan gddrescue. Manhajojin Rufus ko Ventoy za su shirya maka filashin. Bayan ka tashi kwamfutar daga kansa, fara da tantance wane ne wane:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Duba lambar da ke jikin takardar had-dis ɗin ka gwada da abin da ke allo. A ce mai ciwon shi ne sdb, sabon kuma an buɗe shi a /mnt/sabo:

ddrescue -n /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.map

Wannan zagayen farko ne, mai kwashe na sauƙi. In ya gama, sai na biyu, mai komawa wuraren da aka tsallake har sau uku:

ddrescue -d -r3 /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.map

Na fi son a zuba cikin fayil irin wannan maimakon kai tsaye kan wani had-dis, domin babban haɗarin hanyar nan shi ne juya sunaye: ka sa sabon a gaba, tsohon a baya, ka shafe bayananka da hannunka. Allon zai riƙa nuna maka yawan abin da aka ceto, saurin karatu, da adadin wuraren da suka gagara. Ka zauna kusa a farkon aikin, kunnenka a kai. In saurin ya faɗi ƙasa warwas ya daɗe a haka, ko ƙara ta fara, tsayar da shi.

Kuɗinta shi ne sabon had-dis, kuma ya fi mai ciwon girma: ga mai terabayit 1 nemi mai 2, domin kwafin zai ci ɗaya, fayilolin da za ka ciro su ci sauran. Lafiyayyen terabayit ɗaya yakan kwafu cikin kimanin awa uku. Mai ciwo yana iya cin kwanaki, don haka sai da sola ko inbata, da fanka a kansa in lokacin zafi ne. In da hali a jona shi da kebul ɗin SATA a cikin kwamfutar tebur, domin 'yan akwatunan USB masu araha sukan rikice su saki had-dis da zarar ya yi jinkirin amsawa. Ga wanda ya ƙware akwai HDDSuperClone da magajinsa OpenSuperClone, waɗanda suka fi iya lallaɓa had-dis mai allura ɗaya mai rauni.

Bayan kwafi, sau da yawa yana buɗewa kai tsaye ka ga foldodinka. In bai buɗe ba, sai TestDisk na Christophe Grenier ya nemo ɓangaren da ya ɓace, ko DMDE ko R-Studio su sake gina tsarin. PhotoRec, ɗan'uwan TestDisk, shi ne na ƙarshe: yana gane fayil daga alamar da ke farkonsa, don haka yana tono abubuwa ko da taswirar fayilolin ta ƙone, amma ba suna ba folda. Za ka tarar da recup_dir.1, recup_dir.2, har gaba, cike da f0123456.jpg da ire-irensa, hoton bikin suna a gefen tambarin wata manhaja. Tantance su aikin makonni ne.

Hanya ta huɗu: mai gyara na kasuwa

A Beirut Road ko Farm Centre a Kano, Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, akwai masu hannu na gaske, kuma kuɗinsu bai kai na ƙwararrun kamfanoni ba ko kusa. Ga matsalar kebul, ramin USB da ya karye, bairos, ko 'yar diyod ɗin kariya da ta ƙone a fanel, su ne daidai. Wasunsu ma hanya ta uku za su bi maka, su hutar da kai Linux.

Sai dai sana'ar yawancinsu ita ce kwamfuta ta tashi, kuma hanya mafi sauri zuwa can ita ce fomatin da sabuwar Windows. Ka faɗa da bakinka tun a tsaye: "Malam, ba kwamfutar nake so ba, abin da ke ciki nake so." Sannan ka yi tambaya uku. Za ka yi cikakken kwafi kafin ka taɓa komai? A ina za ka zuba abin da ya fito? Za ka buɗe murfin? In ya ce zai buɗe a kan teburinsa, karɓi abinka cikin mutunci ka tafi. Ƙurar da ke yawo a shago, balle a lokacin hunturu, ta isa ta kashe farantin, kuma ƙwararru sukan ƙara kuɗi ko su ƙi karɓar wanda aka riga aka buɗe.

In ya ce zai canza fanel, tambaye shi ko zai ɗauke 'yar ƙwayar ROM mai ƙafa takwas daga tsohon zuwa sabon. A cikinta ake ajiye saitin da ya keɓanta da wannan had-dis ɗin shi kaɗai. In ba ita, fanel iri ɗaya ma ba zai yi ba. Wanda ya san wannan ya san aikinsa. Ka sani kuma wasu had-dis na aljihu, kamar WD My Passport, ramin USB ɗinsu a jikin fanel yake, ba a zare su a jona ta SATA kai tsaye.

Sirri shi ne ɗayan raunin. Hotunan iyalinka, takardun banki, katin shaida, duk za su bi ta kwamfutar wani. Kai naka had-dis ɗin da za a zuba, ka zauna a wurin in zai yiwu, ka nemi a goge abin da ya rage a gabanka.

Firiza da bubbugawa kuwa, ko wa ya ba da shawarar, a bar su. Sanyi yana tara raɓa a kan faranti, bugu kuma yana jan allurar da ta maƙale ta karce abin da ake nema. Garin neman gira ake rasa ido.

Hanya ta biyar: kamfanin ƙwararru

Ga mai ƙas-ƙas, mai maƙalalliyar allura, wanda ya faɗi yana kunne ko ya sha ruwa, wannan ce kaɗai hanya. Suna buɗe shi a wurin da ake tace iska, su ciro allurai daga wani had-dis irinsa sak su dasa, su yi amfani da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab na Rasha, wadda ke iya kashe allurar da ta mutu a karanta da sauran, ko gyara manhajar cikin had-dis ɗin. Wannan na ƙarshen ciwo ne da ba a gani daga waje: a farkon 2009 Seagate ya fitar da gyara ga jerin Barracuda 7200.11 da ke kulle kansu, bayanan na nan lafiya amma kwamfuta ba ta ganinsu.

Abin da suke iyawa yana da ban mamaki. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse a 2003, an tsinci wani had-dis ɗinsa a ƙone, kamfanin Kroll Ontrack ya ciro kusan kashi 99 cikin 100 na bayanan gwajin da ke ciki, saboda wurin da aka rubuta su a farantin bai lalace ba. Nan ne iyakar take: in allura ta kankare fuskar faranti ta zama gari, babu na'urar da za ta dawo da ita. Shi ya sa yawan kunna mai ƙara "ko Allah zai sa ya tashi" yake mayar da aikin da zai yiwu ya zama wanda ba zai yiwu ba.

Kuɗin ne mai nauyi: a Turai da Amurka daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu, ban da kuɗin aikawa, kuma yakan ɗauki makonni. Akwai masu tallar wannan aiki a Legas da Abuja. Kafin ka miƙa, nemi ganin inda suke buɗewa da na'urar da suke aiki da ita, ka tambaya ko za su nuna maka jerin fayilolin kafin ka biya, da abin da za ka biya in ba a samu komai ba. Garanti na yau da kullum sabon had-dis yake ba ka, ba bayananka ba, amma wasu na Seagate suna zuwa da hidimar ceto mai suna Rescue. Duba kwalin naka.

| Hanya | Kuɗi | Wahala | Haɗari | Abin da ke dawowa |
|---|---|---|---|---|
| Kwafi kai tsaye | Filashi ko had-dis | Kaɗan | Matsakaici | Abin da ka samu kafin ya tsaya, da sunaye |
| Manhaja a kan mai ciwon | Kyauta zuwa gomomin daloli | Kaɗan | Ƙarami ga lafiyayye, babba ga mai ciwo | Ya danganta |
| Cikakken kwafi | Had-dis mai ninkin girma | Da yawa | Ƙarami, in ba ya ƙara | Yawanci kusan duka |
| Mai gyara | Matsakaici | Kaɗan | Ya danganta da mutumin | Ya danganta da mutumin |
| Ƙwararru | Mai yawa | Jira kawai | Mafi ƙanƙanta | Duk abin da faranti bai rasa ba |

To, wacce ce taka?

Kafin ka kashe ko kwabo, zauna ka lissafa abin da ke wani wuri. Ɗalibi ya duba imel da WhatsApp, domin babin da ya tura wa malaminsa yana can, haka shagon da ya buga masa. Hotuna da yawa suna Google Photos ko wayoyin 'yan'uwa. Wani lokaci abin da ya ɓace da gaske bai fi folda biyu ba, kuma hakan yana canza lissafin gaba ɗaya.

Wanda ya goge ko ya yi fomatin bisa kuskure, SMART kuma shuɗi, ya daina amfani da had-dis ɗin nan take ya bi hanya ta biyu. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke neman takardu kaɗan daga had-dis mai jan ƙafa, ya gwada ta ɗaya na ɗan lokaci, ido a kan agogo. Mai hoto da bidiyon biki, ko mai shagon da duk lissafinsa ke ciki, ya sayi babban had-dis ya bi ta uku. In Linux ya gagare shi, ya nemi mai gyaran da ya amsa tambayoyin nan uku da kyau. Wanda nasa ya yi shiru bayan wuta ta dawo da ƙarfi, mai gyaran da ya iya fanel zai iya fitar da shi.

Ofis, asibiti ko makarantar da bayanan jama'a ke hannunsu su wuce kai tsaye wurin ƙwararru, da yarjejeniyar sirri a rubuce. Su kuma nemo makullin BitLocker, tsarin kulle bayanai na Windows, mai lamba 48 tun da wuri, domin sababbin kwamfutocin Windows da yawa suna zuwa a kulle, makullin yana asusun Microsoft na mai ita, kuma in babu shi ko an kwafe komai ba zai karantu ba.

Saura wanda nasa ke ƙas-ƙas, abin da ke ciki ba shi da madadi, kuɗin ƙwararru kuma babu a yanzu. Kada ya sake kunna shi, kada ya ba kowa ya gwada. Ya sa shi a ledar kariyar da sababbin had-dis ke zuwa a ciki, ya rubuta ranar da irin ƙarar da ya ji a jikin ledar, ya ajiye inda ba zafi ba laima ba faɗuwa. Rubutun da ke kan faranti ba ya gogewa don an yi wata shida ko shekara a ajiye, sai ya tara kuɗin a hankali.